Buɗaɗɗiyar Wuƙar Delmer Tackett

A garin Sorrel Gap, can cikin duwatsun Tennessee, in ka ga namiji hannunsa na dama cunkus da gashi, na hagu kuwa sumul, kada ka tambaye shi ko lafiya. Lafiyarsa ƙalau. Wuƙa ya wasa, kuma a nan ba a cewa wuƙa ta yi kaifi sai an ga ta aske gashin hannun mai ita. To, duk garin babu hannun hagun da ya sha aski irin na Delmer Tackett. Matarsa Opal ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin gashin wurin ya kwana uku ba.

A gonar taba aka haife shi, shi ne na biyar cikin 'ya'ya takwas. Bai je yaƙi ba, likitan soja ya duba tafin ƙafarsa ya ce ya koma gida. Bai taɓa harbin abin da ya fi zomo ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana rabon wasiƙu a ƙauyukan bayan dutse, kuma babban aikin da wuƙa ta yi masa a duk shekarun nan shi ne yanke igiyar ƙunshin jaridu. Amma ka shiga rumfar bayan gidansa, sai ka rantse mutumin nan shirin tare wata runduna yake yi. Ga wuƙar yankan taba, ga addar saran karan masara, ga wuƙaƙen fiɗa har guda shida, alhali rabonsa da kiwon alade tun kafin a kawo wutar lantarki unguwarsu. Ga lauje, ga gizago, ga gatari mai baki biyu. Har da takobin da kakansa ya dawo da shi daga yaƙin basasar Amurka, wanda har yau dangi ba su daidaita ba, ko ba shi aka yi ko a hanyar gudu ya tsinta. Takobin ne kaɗai ke da aikin yi a gidan, don da shi Opal ke zaƙulo duk abin da ya faɗa bayan firiji.

Waɗannan duk na ratayewa ne. Wadda ke ransa ita ce wuƙar aljihu, irin mai ninkewa ɗin nan, ƙotarta ruwan ƙasa mai kurzunu-kurzunu. Gadon ubansa ce. A musaya tsoho Tackett ya samo ta: ya ba da karen farauta sukutum, baban Hobart Sizemore ya ba shi wuƙa mai ƙotar ƙahon barewa. Haka labarin yake, haka kuma Delmer ke ba da shi ga duk wanda ya yi kuskuren tsayawa kusa da shi fiye da minti biyu.

Hobart ɗin nan yayan Opal ne, kuma shi ne mai askin garin har tsufa ya sauke shi. Tare suka yi makaranta da Delmer, tare aka kore su daga cikin mawaƙan coci, kuma ba a taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya a kan komai ba. Da suka bar aiki sai suka koma bencin ƙofar kotu, inda tsofaffin garin ke taruwa kowace Asabar, kowa da guntun jan itace mai ƙamshi yana ferewa. Ba cokali suke sassaƙawa ba, ba muciya ba. Fereya ce kawai, in itacen ya ƙare a ɗauko wani. Gwani shi ne wanda ɓawonsa ke fita siriri, ya nannaɗe bai tsinke ba. Sai kuma musayar wuƙaƙe da ƙarya, ƙaryar ta fi yawa.

Wata Asabar Hobart ya manta tasa wuƙar a aljihun wani wandon.

"Kai mai wasiƙa, miƙo min ta gadon nan in ga ko tana yanka man shanu."

"Ka dai riƙe ta da ladabi, wanzamin awaki," in ji Delmer. Ya miƙa masa ita a rufe.

Hobart ya sa farce ya buɗe, ya fere itacensa sau biyu uku, sannan ya ɗaga ƙotar yana juya ta a rana.

"Kai, ƙashin nan ya yi ƙarko! Ko wace saniya ce, ta bar abin tunawa."

Hannuwa suka tsaya da fereya.

"Ƙashin me?" in ji Delmer.

"Ƙashin ƙafar saniya mana. Ƙona shi aka yi, aka yi masa zane. Haba Delmer, shekara nawa tana aljihunka, ba ka taɓa jin ta yi kuka lokacin tatsa ba?"

Benci ya ɗauki dariya. Delmer ya miƙe, wuyansa ya yi jajir.

"Barewa ce! Kai har ka san wuƙa? Shekara arba'in kana aski a garin nan, akwai kunnen da ba ka yanka ba? Duba mutanen nan da kyau, ka nuna min mai kunne biyu daidai!"

Abin haushi, sai tsofaffin suka shiga shafa kunnuwansu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne ya ɓata wa Hobart rai, don shi a yi masa wasa da komai, ban da askinsa. Ya ajiye wuƙar a kan benci yadda take, a buɗe, ya gyara hularsa.

"Ga saniyarka nan. Ranar da ka faɗa da bakinka cewa ƙashi ne, ka zo in rufe maka."

Ya yi tafiyarsa.

To fa. A wajenmu wanda ya buɗe wuƙa shi ke rufe ta. In ka karɓa a buɗe ka mayar a buɗe, in ka karɓa a rufe ka mayar a rufe, kuma ko mahaukaci ba ya ninke wuƙar da wani ya buɗe. Wani Coy Ledbetter ya taɓa yi da ganganci, wai shi ya zauna a birni. A satin nan uwar matarsa ta zo kwana biyu, ta shekara goma sha ɗaya. Tun daga kansa ba a sake samun mai gwadawa ba. Don haka Delmer ya ɗauki wuƙarsa da yatsa biyu, ya tafi gida da ita tsininta a gaba, mata na janye 'ya'yansu daga hanya.

Ya sa ta a aljihu, ta huda aljihun ta tsikare shi a cinya. Ya naɗe ta a hankici, ta yanka hankicin. Da laifin wa? Ai shi ya wasa ta. Opal ta ɗinke wando uku, a na huɗu ta jefa masa allura da zare.

"Ka bar ta a gida mana, Delmer."

"In fita ba wuƙa? Ai gara in fita ba wando."

"Haka ma za a yi, in ka ci gaba. To bari in ɗinka mata kube."

"Wuƙa mai ninkewa a cikin kube? Don yayanki ya ce na sallama?"

A ƙarshe dankalin turawa ya cece shi. Ya soka tsinin a cikin dankali, ya riƙe ƙotar a hannu, haka yake zuwa kanti, haka yake zuwa jana'iza. Duk ranar Litinin ya canza sabo. Akwai satin da ya manta, dankalin ya yi tsiro, tsofaffin benci suka yi ta tambayarsa yaushe za a yi haƙa. Kafin shekara ta zagayo, baƙo in ya tambayi gidan Tackett sai a yi ta kallon juna, amma ya ce gidan Mai Dankali, nan take a nuna masa.

Fasto Ogle ya ga abin ya yi yawa. Wata Lahadi ya hau mumbari ya yi wa camfi kaca-kaca, minti arba'in yana dukan tebur, idonsa na kan dankalin da ke layi na uku. Da aka tashi Delmer ya tare shi a bakin ƙofa, ya cire dankalin ya miƙa masa ƙotar.

"Wa'azinka ya shige ni, Fasto. Taimaka ka rufe min ita."

Fasto ya dubi wuƙar. Shi ma fa a bayan dutsen nan aka haife shi.

"Ɗan'uwa Delmer, ka san ni ban yarda da irin waɗannan abubuwa ba ko kaɗan. Sai dai gobe ina da doguwar tafiya, kuma tayoyin motata sun suɗe."

Ya zura hannuwansa biyu a aljihu, bai fito da su ba sai da Delmer ya bar harabar cocin.

Delmer ya koma dabara. Ya hau tsani ya sako wuƙar daga saman rumfa, ko za ta bugi ƙasa ta ninke don kanta. Sau bakwai yana sakowa, sau bakwai tana cakewa a tsaye, na bakwai ɗin tsakanin ƙafafun kyanwar Opal. Benci ya yi Asabar uku yana muhawara: in da ta rufe, ƙasa ce ta rufe ko wanda ya sako? Ba a cimma matsaya ba. Ranar Kirsimeti Opal ta gwada tata. Ta gayyato yayanta cin abinci, ta ajiye wuƙar kusa da farantinsa, ko santi zai sa ya manta ya ninke. Hobart ya yanka naman talotalo da ita, ya goge ta tas, ya ajiye yadda ya same ta.

"Ƙanwata, ki faɗa wa mijinki wuƙarsa tana da kaifi. Saniyar ma ba laifi."

"Opal, ki faɗa wa yayanki ya ci ya tashi."

Haka suka koma. Kowace Asabar suna zuwa benci, wannan a wannan ƙarshen, wancan a wancan, magana sai ta bakin na tsakiya. Kuma gaskiyar magana Delmer yana kewar mutumin nan ƙwarai. Sauran tsofaffin in ya yi ƙarya sai su gyaɗa kai, Hobart ne kaɗai ke ƙaryata shi, ƙarya kuwa ba ta da daɗi in babu mai musu. Sau da yawa wani zancen ban dariya zai zo masa, ya juya zai faɗa wa Hobart, sai ya tuna, ya haɗiye.

Me ya hana shi faɗin kalma ɗaya ya huta? Abin da ba wanda ya sani shi ne Delmer ya fi kowa sanin ƙashi ne. Ranar da tsoho Tackett zai cika, ya kori kowa daga ɗakin ya jawo kunnen Delmer kusa da bakinsa. Delmer ya zaci wasiyyar gona ce.

"Wuƙar nan," in ji tsohon, "saniya ce. Kwana uku da musayar na gane. Kada ka kuskura wani Sizemore ya san mun sani."

Bai ƙara cewa komai ba a duniya. Kai ka ji wasiyya! Ga shi kuma Delmer da 'yar Sizemore yake kwana yake tashi. Faɗin kalmar nan yana nufin ya tsaya gaban ɗan wanda ya cuci ubansa, ya ce e, an yi wa tsohona wayo, ya ba da kare mai rai ya karɓi ƙashin miya. In bai faɗa ba kuma, wuƙa na buɗe, aboki na can ƙarshen benci.

Shekara biyu da wata bakwai ana haka, sai Hobart ya zame a matakalar gidansa ya karye a ƙugu. Matarsa ta daɗe da rasuwa, shi kaɗai ne a gidan. 'Yarsa Arlene ta zo daga Dayton, can jihar Ohio, ta ce ita ba shawara ta zo yi ba, da an sallame shi daga asibiti za ta tafi da shi. Delmer ya san yadda abin yake. Tsofaffin da 'ya'ya ke kwashewa zuwa Ohio, yawanci a akwati suke dawowa.

Ranar tafiyar Asabar ce. Da safe Opal ta zuba masa kofi ta ɗauki jakarta.

"Ƙarfe goma za su tashi. Ni dai zan je in yi sallama da ɗan'uwana. Kai ka zauna da dankalinka."

Ta kai bakin mota ta same shi har ya riga ta shiga.

Sun tarar an gama loda kaya. Hobart na zaune a kujerar gaba, ƙofa a buɗe, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa. Ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Da Delmer ya gan shi haka sai zuciyarsa ta karye. Arlene na tsaye tana duba agogo.

"Sannu da zuwa, Kawu Delmer. Minti biyar fa, hanya da nisa."

Delmer ya matsa. Ya cire dankalin, ya rasa inda zai ajiye, ya ba Arlene ta riƙe.

"Hobart."

"A'a, yau kai tsaye? Ina na tsakiyar?"

"Ƙotar nan..." Ya yi gyaran murya. "Saniya ce."

"Wace ce? Ɗaga murya, tun da na faɗi kunnena ba ya ji."

"A ƙugu ka karye, ba a kunne ba! Na ce saniya ce! Baba ma ya sani, tun kwana uku da musayar. Shi ya ce kada in bari ku san mun sani. To ga shi na faɗa, ya yafe min. Hankalinka ya kwanta?"

Hobart ya dube shi. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, yana yi yana riƙe ƙugu yana wayyo.

"Karen fa? Ba ka taɓa tambayar labarin karen ubanka ba? Ranar farko da Baba ya fita da shi ya harba bindiga, karen ya arce, kwana biyu muna nemansa. A ƙarƙashin coci muka same shi. Shekara tara ya yi a gidanmu, ko kaza ce ta harare shi sai ya shige ƙarƙashin gado. Baba ya tara mu ya ce duk wanda ya faɗa wa wani Tackett, ba shi ba shi."

"Ni ce mai jawo shi daga ƙarƙashin gadon," in ji Opal.

Delmer ya juya ya saki baki.

"Shekara arba'in da huɗu, Opal! Ba ki taɓa faɗa min ba?"

"Kai ka faɗa min saniya ce?"

Hobart ya share hawayen dariya ya miƙo hannu. "Kawo ta nan in sallame ka." Ya karɓa, ya dafa bayan ƙarfen da babban yatsa ya danna. Ko motsi. Ya sake dannawa da hannu biyu. Ina! Ruwan dankalin shekara biyu da rabi ya gangara cikin gaɓar, ya yi tsatsa ya kame.

"Me ka yi mata, miya ka dafa a ciki?"

"Danna da ƙarfi mana, wanzamin awaki!"

"To zo ka danna kai!"

"Allah ya kiyaye!"

"Baba, ƙarfe goma ta wuce," in ji Arlene, dankali a hannunta.

Ba wanda ya saurare ta. Delmer ya buɗe gaban motar, ya zaro ƙarfen gwada baƙin mai, ya ɗiga a gaɓar wuƙar. Ya so ya dafa hannun Hobart su danna tare, Opal ta ce in ya dafa ai shi ma ya rufe ke nan, ya janye da sauri. A ƙarshe Hobart ya tokara bayan ƙarfen wuƙar a jikin ƙofar motar ya saki nauyinsa duka, Arlene na ihun zai kankare mata fenti. Ƙarfen ya yi ƙara, ya motsa, ya tafi a hankali. Ƙas! Ta rufe.

Hobart ya miƙa masa. Delmer ya jefa ta a aljihu, ta zauna lafiya lau ba ta tsikari kowa ba. Ya jira ya ji daɗi, daɗin bai zo ba. Shekarun nan duka, ko ba sa magana, akwai abin da Hobart zai yi masa wanda ba mai iya yi sai shi. Yanzu an yi an gama. Babu sauran dalilin da zai sa tsoho ya tashi ya bi tsoho har Ohio, kuma shi ba mutumin da zai iya buɗe baki ya ce zan yi kewarka ba ne. Arlene ta ajiye dankalin a kan katanga, ta shiga ta tayar da mota.

Delmer ya sa hannu a aljihu ya fito da wuƙar, ya miƙa wa Hobart ta taga.

"Ka dai ƙara duba ta a rana. Ni fa yanzu da na sake tunani, kamar barewa ce."

Hobart ya dubi wuƙar, ya dubi Delmer, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya karɓa, ya sa farce ya buɗe. Ko kallon ƙotar bai yi ba. Ya juya ta ya miƙo a buɗe.

"Saniya ce. Kuma hannuna ya gaji, yau ba zan iya rufewa ba."

Mota ta ja. Delmer ya tsaya a bakin titi da buɗaɗɗiyar wuƙa a hannu har suka sha kwana, idanunsa sun cika taf, bai ko ɓoye ba.

"Delmer Tackett," in ji Opal, "me nake gani a hannunka?"

Ya ja hanci.

"In mun biya ta tasha, ki shiga ki tambayo min ranar da motar Dayton ke tashi."